Wa Ya Fara Faɗa?

…kuma wannan sanyin, wa ya gaya masu littafi yana jin zafi? Tun daga bakin ƙofa ya kama ni a gwiwa, yanzu ya hau har ƙugu. An karɓe mini jaka. An karɓe gorar ruwana. Mai gadi ya rataya mini kati a wuya kamar tunkiyar da aka saya ba a zo ɗauka ba, wai baƙuwa. Ni. To, na ji.

Ba a magana a nan. Ɗaki cike da mutane, ba mai cewa uffan, sai ƙas-ƙas ɗin yatsu a kan kwamfuta da ƙarar juya shafi. Wannan kam ya yi mini. Da haka gidana yake da ban yi furfura da wuri ba.

Kina gani dai, 'yata, in ana gani daga inda kike. Ga 'yar da kika bar mini, kafaɗarta na gogar tawa. Tsinke. Har yau Tsinke nake ce mata, har yau kuma ba ta yi ƙibar da za ta ƙaryata ni ba. Ta jawo mini kujera kusa da tata, ta cire rigar sanyinta ta rufa mini a ƙafa, ta juya ga kwamfuta… shi ke nan ta manta da ni. Ko dai ta yi kamar ta manta.

Yayanki ne ya ɗora mini wannan kaya. Ya ce karatun jami'ar nan ya isa haka. Lokacin da aka ɗiba ya cika, yanzu wai a ƙara mata, bincike bai ƙare ba. Binciken me? Ɓarawo ya shiga? Ya ce akwai kujera a ofishinsa tana jiranta, ta zo ta kama aiki kamar kowa. Amma Inna, ke kika riƙe ta, abin da kika ce shi za a yi, zan kira ki bayan la'asar. Haka ya ce. Ya iya zamewa, kamar ubanku, Allah ya jiƙansa.

Ni kuwa tun a gida na yanke, a bar karatun nan haka. Ta dawo. Yarinya ta fita da sassafe, ta shigo da magariba ido ja, a tambaye ta me aka yi yau, ta ce ina neman maƙala. Jiya fa? Ina neman maƙala. Abin da ake nema kullum ba a samu ba, ai ko dai babu shi, ko dai ba shi ake nema ba. Sai dai ban taɓa yanke wa mutum hukunci a kan abin da idona bai gani ba, ba kuma zan fara yanzu da haƙorana suka zube ba. Na ce zan bi ki ɗakin karatun in gani. Na zaci za ta yi gardama. Ta ce to Kaka, ki sa takalmi mai taushi, akwai matattakala.

Karatun gidan tarihi, wai. Ranar da ta fara gaya mini na ce, ke, tsofaffin tukwane da wuƙaƙen da suka yi tsatsa har sai an je jami'a a kansu? Ta ce ai ke ma Kaka da za a sa ki a gilashi da an yi layi har titi. Mara kunya. Na jefe ta da mafici, ta kauce, ta ɗauko ta miƙo mini da hannu biyu… ke kin san ba ki taɓa yi mini irin wannan ba. Ke tsorona kike ji. Ita kuwa—

Ga ta ta fara. Akwai wani ɗan akwati fari a saman allon, ta rubuta kalmomi a ciki, ta danna. Rubutu ya zubo kamar an yanke bakin buhu. Ta sunkuyo ta raɗa mini, waɗannan duk maƙaloli ne, Kaka, sun fi dubu. Maƙala, wato rubutun da malamai ke yi wa junansu a mujallunsu, ba hoto, ba ado, ba labarin kowa. Na ce a raina, to ai an samu, har da rara, mu tashi. Ina! Sai ta ɓata fuska kamar an kawo mata abin da ba shi ta aika a sayo ba. Ta ƙara kalma. Suka ragu. Ta cire wata ta sa 'yar'uwarta. Suka ƙara raguwa. Ta taɓa wani wuri a gefe, wai ban da na jarida, ban da wanda ba a tantance ba… suka zube, saura kaɗan.

Tsintar tsakuwa a shinkafa. Ai shi ke nan. Shi take yi. Na san zaman, na san yadda wuya ke ƙagewa, na san idon da ba ya ƙyaftawa. Sai dai ita shinkafar ce 'yar kaɗan, tsakuwar ta cika faranti.

Ta buɗe ɗaya. Ba ta karanta duka ba, ɗan guntun da ke sama kawai, ta rufe. Ta buɗe wata. Rufe. Wata. Ta daɗe a wannan, leɓenta na motsi, ta kwafi wani abu, ta ajiye ta gefe. Ni ga wata can mai kyau, da launi, da manyan baƙaƙe har ni ina iya haɗa su, na zungure ta na nuna mata da haɓa. Ta girgiza kai. Wai wannan mai ita ne ya rubuta ya kuma buga da kansa, ba wanda ya duba masa. To su sauran wa ya duba masu? Wai kafin a buga, sai an aika wa waɗansu malamai da ba su san mai rubutun ba, shi ma bai san su ba, su bi layi-layi suna neman inda ya yi ƙarya ko ya yi gaggawa. Ba sani, ba sabo, ba ɗan wane ne. In sun ce bai yi ba, a mayar masa da kayansa.

A mayar masa da kayansa! Ko da farfesa ne? Ko da farfesa ne, Kaka.

Hmm.

Ba zan nuna mata ba. Amma wanda ya ƙirƙiro wannan tsari, ko wane ne, uwarsa ta yi tarbiyya.

…aji uku na yi aka cire ni, uwata ta kwanta, ba mai ɗora tukunya. Ina gane lamba. Ina gane sunana. Malamin lissafi ya biyo ni har gida ya ce a bar yarinyar nan, kanta na ja. Ubana ya yi masa godiya ya raka shi ƙofa. Ban yi kuka ba. Me kuka zai dafa? Allon da na bari a ƙarƙashin gado ƙanena ya fasa shi yana wasa, na share gutsattsarin da kaina—

Ta tashi. Ina kuma? Wurin matar can mai babban tebur, mai gilashi rataye da igiya. Tun da muka shigo ban ga haƙorinta ba. Ta yi mini. Wani saurayi ya ɗaga murya ɗazu, ta dai sauke gilashin ta kalle shi, ya haɗiye sauran maganar. Da a unguwarmu take da mun yi ƙawance, ko mu yi gaba, ɗaya dai. Wai wata maƙalar a kulle take, farkonta kawai ake nunawa, kamar mai talla ya ɗaga murfi ka ji ƙamshi ya mayar ya rufe. Mai gilashi ba ta ce babu ba. Ta taɓa nata allon, ta ɗaga waya ta yi magana ƙasa-ƙasa da wani ɗakin karatun a wani gari, ta ɗaga wa Tsinke yatsa ɗaya, ki jira. Ashe aron juna suke yi, kamar maƙwabta da turmi.

A mota ta yi mini bayanin abin da take bi, ina jin rabi, rabi ƙarar inji ta cinye. Mutanen da ke kai kayan gidansu gidan tarihi kyauta. Agogon uba, kakin aikin miji, akwatin da kaka ta yi hijira da shi. A karɓa, a goge, a sa a gilashi da 'yar takarda a gefe. To wai duk malaman nan bakinsu ɗaya: wanda ya ba da kaya ba ya dawowa ya gani. In ya miƙa ya miƙa, ya juya baya. Kowa ya rubuta haka. Ita ma ta rubuta haka, babi guda ta gina a kai, wata da watanni tana jera shi. Sai wani abu ya tsaya mata a wuya. Wa ya fara faɗa?

Ga shi tana nuna mini yanzu da bakin biro. Kowace magana a shafin da 'yar lamba a kafaɗarta. Ka bi lambar, ta kai ka gindin shafi, wurin ƙananan rubutun nan kamar jerin tururuwa. A can aka rubuta wa ya faɗa, a wace mujalla, wace shekara, wane shafi. Kowace magana! Ba a yarda ka ce an ce. Sai ka kawo sunan mai cewa, da ƙofar gidansa.

Innalillahi. Ashe akwai duniya guda da aka haramta an ce, ni ina can ina fama ni kaɗai a tsakar gida?

Kin tuna? Kin dawo daga makaranta da gudu, ko jaka ba ki ajiye ba. Inna, an ce malamarmu ta haukace, an gan ta tana magana ita kaɗai a hanya. Ina tsakiyar wanki. Na goge hannuna a zane na ce wa ya ce? Kika ce an ce. Na ce An ɗin nan ɗan gidan wa ne? Na kama wuyan hannunki. Gidan ƙawarki. Ita wa ya gaya mata? Uwarta. Uwar ta fito tana gyara ɗankwali, wai a wurin mai kitso ta ji. Muka je wurin mai kitso, da kan wata a cinyarta, ta ce ita ba ruwanta, mai kai mata ruwa ne. Rana ta take, kina tirjewa, takalminki ɗaya ya tsinke, ban sake ki ba. Mai ruwa ya kai mu wurin tsohon nan da ke zama a bakin famfo. Tsoho ya ce ni? Ni dai cewa na yi na ga bakinta yana motsi. Baiwar Allah ashe darasin gobe take haddacewa a hanya. Na kai ki har ƙofarta kika durƙusa. Ba ki ci abinci ba ranar. Na ji kin ce muguwa, ƙasa-ƙasa, fuskarki a bango. Na ji. Ban tanka ba, don wannan kam da kunnena na ji, na kuma san wa ya faɗa.

Ita Tsinke ban taɓa jan ta gida-gida ba. Lokacin da ta zo hannuna gwiwar ta riga ta tafi. To a ina ta samo?

Duba ta. Wannan malamin ya ce daga wancan ya ɗauko. Ta nemo wancan. Wancan ya ce daga wata mata. Ta nemo matar. Mai gilashi ta taho da kanta, takalminta ba ya ƙara, ta ajiye takardu masu ɗumi a gaban Tsinke, wadda ke kulle ɗin ce ta iso. Tsinke ba ta ko kalli samanta ba, kai tsaye gindin shafi. Mai wannan rubutun ma daga wani ya ji. Kowace ƙofa aka ƙwanƙwasa sai a nuna ta gaba. Shekarun suna ta ja baya, ina ganin lambobin, wannan kafin a haife ta, wannan kafin a haife ki, wannan ina amarya… Manyan mutane fa. Masu gilashi da taye. Mai kitso da mai ruwa ne kawai suka yi karatu.

Ba ta gaji ba? Bayana ya ƙage, ni da nake zaune kawai. Ba ta sha ruwa ba. Ba ta duba waya ba. Yarinyar da ke can gefe ta duba tata ya fi a ƙirga, tana murmushi ita kaɗai, wannan da tawa ce da ta gane kurenta. Tawa kuwa ta cije leɓen ƙasa. Haka kike yi in kina zura zare a allura. Haka nake… a'a, ni ban san yadda nake yi ba, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Aikin kwamfuta ya ƙare. Wai na ƙarshen ya tsufa da yawa, ba a sa shi a ciki ba, sai an sauka ƙasa. Ga matattakalar da ta faɗa. Ta ce ki zauna Kaka, yanzu zan dawo. Na ce gani na zo yi, ba gadin kujera ba. Ta ba ni kafaɗa. Ƙashi zalla. Me take ci ne, yarinyar nan?

Ƙasa. Warin tsohuwar takarda, irin na akwatin ubanku. Kantoci manne da juna, sai ta murɗa wani abu kamar sitiyari suka buɗe hanya. Mujallu ne aka ɗinke shekara-shekara da baƙin bango, jere kamar sojoji, kowane da lamba a ƙeya. Ba wanda ya bar layinsa. Wani ya zauna ya jera waɗannan don wata rana wata Tsinke za ta zo neman ɗaya, bai san ta ba, ba zai gan ta ba, ba za ta yi masa godiya ba… ya jera dai. Allah ya yi masa albarka, ko yana raye ko ya mutu.

Ta hau kujerar ƙarfe. Ki riƙe da kyau! A raina na faɗa. Ta sauko da ɗaya daga cikinsu a ƙirji kamar jariri, ta hura ƙura, ta buɗe a hankali, da gefen yatsa take juya shafin, ba ta lasa ba. Ni da na lasa. Ta samu. Tana karantawa. Ta sake karantawa.

Fuskarta…

Mene ne? Ta ce jawabi ne, Kaka. Wani shugaban gidan tarihi ne ya tashi ya yi jawabi a wurin taro, aka rubuta. Cewa ya yi, a ganina dai ba sa dawowa. Bai ƙirga ba. Bai tambayi kowa ba. A ganina.

Tsohon bakin famfo. Wallahi shi ne, ya sa kwat.

Dariya ta taso mini, na danne. Ita ba dariya take ba. Babinta ne a kan wannan maganar, tubali a kan tubali, ashe ƙasan rami ne. Muka hau. Ban ji gwiwar ba ma a hawan, ita nake kallo. Ta zauna. Ta buɗe rubutunta. Shafi, shafi, shafi, duk nata, duk jan idon nan da nake gani da magariba. Ta ja yatsa, rubutun ya koma shuɗi, yana ta gangarawa, yana ta gangarawa… na gane, goge shi za ta yi. Ba sai an gaya mini ba. Na taɓa warware ɗinkin riga gaba ɗaya saboda wuya ya karkace.

Bakina ya buɗe. Ni! In ce mata bari, wa zai sani? Malaman duniya duk sun faɗa, ke ce za ki fi su? Miƙa masu abinsu ki karɓi takardarki mu tafi gida. Har maganar ta zo kan harshe. A'uzubillahi. Na rufe bakin da hannu kamar mai hamma.

Ta danna. Fari fat.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye hannuwa a cinya, ta ja numfashi, ta rubuta layi ɗaya a saman farin. Ban san me ta rubuta ba. Amma na ga ta sa masa 'yar lamba a kafaɗa.

'Yata, kin haifi mutum. Ban taɓa gaya maki kin yi daidai a komai ba, na sani, ba halina ba ne, ina ganin yabo yana lalata yaro. To ga shi ina faɗa, ko da ya makara. Kin haifi mutum.

Ta fito da ni baranda, inda aka yarda a yi magana. Benci, rana ta dafa shi, alhamdulillahi, ƙashina ya fara dawowa. Ta zaro wasu 'yan takardu daga aljihu, sun sha naɗi har sun yi laushi kamar tsumma. Wannan ce ta fara sa ta shakka, wai. Maƙala ɗaya tal, 'yar siririya, a wata mujallar da ba kowa ke dubawa ba, ta same ta ne bayan ta canza kalmomin nema ban san sau nawa ba. Mace ce ta rubuta. Kowa ya ce ba sa dawowa, ita ta ce ku dakata. Ba ta yi jawabi ba. Kujera ta ɗauka ta zauna a kusurwar gidan tarihi, shekara da shekaru, tana kallon masu shigowa. In ta ga mutum ya wuce kayan zinariya bai kalla ba, ya je ya tsaya gaban wani tsohon kofi ko tabarau, ya daɗe… sai ta bi shi a hankali in zai fita. Ashe suna zuwa. Su sayi tikiti kamar kowa. Ba sa zuwa ofis su ce ni ne ɗan mai agogon nan. Su tsaya, su kalla, su tafi. Shi ya sa ba wanda ya san da su.

Na kalli bishiyar da ke tsakar wurin. Na ce uhm.

…keken ɗinkinki. Bayan an yi kwana arba'in na ce a fitar da shi, ba na son ganinsa. Na ba telan bakin kasuwa, kyauta, na ce kada ya kuskura ya yi mini godiya. Kowa ya ce tsohuwar nan zuciyarta dutse. To. Hanyar asibiti ta wancan titin ta fi kusa, kowa ya sani. Ni ta bakin kasuwa nake bi. In tsaya a gaban mai kayan miya da ke kallon shagon, in ɗaga tumatir in ajiye, in taya abin da ba zan saya ba. Yana nan. Telan ya canza masa bel. Inda kika ɗaura jan ƙyalle a hannun juyawa, don yana cin tafinki, bai kwance ba. Ban taɓa shiga ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Tsinke.

Wata mata can nesa, ba ta san ni ba, ba ta jin yarena, ta zauna a kujera har ta gano ni. Ta rubuta. Aka aika wa waɗanda ba su san ta ba suka duba, suka ce gaskiya ne, aka buga, aka ɗinke, aka jera. Jikata ta tono.

Wannan ne abin da na ce babu shi.

Tsinke tana murza gefen takardar. Akwai saura, na san wannan murzar. Ta ce matar ta tsufa yanzu, Kaka, ta kusa kai ki. Abin da aka buga kaɗan ne, sauran hirarrakin da ta yi da mutanen suna can a ma'ajiyar gidan tarihin, cikin kwalaye, ba a kwamfuta ba, ba kuma a ba da aronsu. Na rubuta mata, ta amsa. Ta ce in zo in zauna da ita shekara guda mu bi su tare, tun tana iya gane rubutun hannunta. Ƙarin lokacin da nake nema ke nan. Ban ce mata e ba. Sai abin da kika ce.

Ina ne wurin? Ta faɗi sunan. Ban iya maimaitawa ba. Mota na zuwa? Ta yi ɗan murmushi. Jirgi biyu, Kaka.

Ta tashi, wai bari ta kashe kwamfuta ta karɓo mana jakunkuna. Ta bar ni. Da gangan ta bar ni, na san ta. Ba ta roƙe ni ba, ba ta rungume ni ba, ba ta ce don Allah ba. Ta ajiye mini maganar a gabana da lambarta a kafaɗa, ta tafi.

Shekara guda. A bakin yaro ba komai ba ne. Ni fa? Wa ya ba ni takardar cewa ina da shekara guda? Wa zai ɗiga mini maganin ido, hannuna na rawa, rabi a kumatu yake ƙarewa. Wa zai yanke mini farcen ƙafa yana ce mini kofato? Matar yayanki? Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da turarenta, sannu Inna, ya jiki Inna, tana duban agogo. Ɗakin can na kusa da nawa, ba tari, ba jan kujera, ba… Na yi wannan shirun sau ɗaya da kika tafi. Na zaci an gama da ni.

Magana ɗaya ce zan faɗa masa. Ta dawo. Ba wanda zai ce na yi laifi. Yayanki zai ji daɗi, ita ba za ta musa ba, za ta zauna a kujerar ofis tana buga hatimi, ta dawo da wuri, ta yi ƙiba ma wataƙila. In ya tambaye ni, Inna me kika gani? Sai in ce… me zan ce na gani?

Abu na motsi a ƙuguna. Wayar ce, Tsinke ta kashe mata ƙara tun da safe, sai rawa take a cikin zane kamar ƙwaro. La'asar ta yi ke nan? Ban ji kiran salla ba. Na kwance ta. Ga hotonsa, da hularsa a karkace. Kore a nan, ja a can, ta koya mini.

Na gaji, 'yata. Tun daga tafin ƙafa har ƙeya na gaji.

Da ma wasa na tarar tana yi. Da ma saurayi ne, ko barci, ko hira a waya, in ja kunnenta mu tafi gida, in ci abincina in kwanta da gaskiyata… Da aikin banza ne ai da na huta.

Wayar tana ta rawa a tafina. Ga Tsinke can ta fito, jakata a kafaɗarta, gorar ruwa a hannu, ta hango wayar, ta tsaya. Ba ta matso ba.

Yatsan nan kuma ya ƙi dannawa…